Gari Shi Ke Ba Mawaƙi Abin Faɗa

Jama'a, me ya sa waƙar wannan mawaƙi take bambanta da ta wancan? Babban dalili shi ne wurin da kowa ya tashi. Abin da mawaƙi ya gani da idonsa, shi yake sa wa a waƙa. Mu ɗauki misalin Ɗan Maraya Jos.

Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami. Shi ya sa ake ce masa Ɗan Maraya.

Duk wanda ya zaga Bukuru da ƙafa zai gane inda waƙoƙinsa suka fito. A bayan gari akwai manyan kududdufai da tulin ƙasa. Nan ne aka haƙi kuza. Aikin kuza ya tara lebura daga garuruwa daban-daban. Yawancinsu baƙi ne masu neman na tuwo. A cikinsu Ɗan Maraya ya tashi.

Daga nan sai a taka zuwa tashar mota. Ga yaran mota suna lodin kaya, suna kiran fasinja. Mutane da yawa suna raina su. Amma Ɗan Maraya ya ga wahalarsu, ya yi musu waƙar Karen Mota.

In an shiga kasuwa kuma, ga mai kuɗi, ga talaka, ga magulmata. Duk ya sa su a waƙa. Ya kuma yi waƙa a kan auren dole.

Ko abin kiɗansa na talaka ne. Kuntigi ke nan, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya. Shi kaɗai yake kiɗa, ba 'yan amshi.

A gwada shi da Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Shi a fada ya zauna. Saboda haka waƙoƙinsa cike suke da sarakuna da dawaki.

Ɗan Maraya ya rasu a 2015, amma har gobe ana jin waƙoƙinsa a rediyo.

Ƙauyukanmu ma suna da nasu waƙoƙin: na noma, na daɓe, na niƙa. Inda injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa tana ɓacewa. Ya kamata yara su zauna da tsofaffi su koya, tun masu iyawa suna da rai.