Lafiyar Firji Tana Bayansa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Garin Zariya a watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kai matuƙa har ma'aunin zafi ya doshi digiri 40, ko kuwa ya bi titin Samaru daura da Jami'ar Ahmadu Bello da rana tsaka, lalle zai ga darajar da ruwan sanyi yake da ita a wurin bayin Allah, domin daga mai zoɓo da kunun aya har zuwa mai ƙanƙara da fiyawata, abincin kowannensu yana rataye ne a kan farin akwatin nan da yake gurnani a lungun shago. Haka nan a gidajen Jushi da Hanwa da Dogarawa, uwargida ba ta da amintaccen da za ta damƙa wa miyar jiya da naman Salla kamar firji. Sai dai kuma a lokacin da aka fi bukatarsa a nan ne ya fi kasawa, a yi ta cewa gas ya ƙare ko inji ya mutu, alhali kuwa sau da yawa illar tana bayan firjin ne, wurin da ba mai waiwaya.

Farkon abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, firji ba ya ƙera sanyi, aikinsa kawai kwashe zafi daga cikin abinci ya fitar da shi waje. Asalin wannan hikima kuwa wata ɗabi'a ce da Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya a cikin halittarsa, wato duk abin da yake ruwa-ruwa, idan zai zama tururi, sai ya sha zafi daga abin da yake maƙwabtaka da shi. Da wannan ne gumi yake sanyaya jikin ɗan Adam, da shi ne kuma randar kakanninmu take sanyaya ruwa, saboda danshin da yake tsatsafowa ta jikin yumɓu yana tashi da zafin da ke ciki. A kan wannan asali ne Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu a ƙauyukan da ba lantarki, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar girma a shekarar 2000.

Bambancin firji da randa shi ne, randa tana sakin tururinta ya bi iska, shi kuwa firji yana kama nasa ya mayar da shi ruwa, ya sake aiki da shi, ba iyaka. Wani Ba'amurke mazaunin Ingila mai suna Jacob Perkins shi ne ya yi rajistar injin da ke aiki a kan wannan tsari a shekarar 1834, kuma har yau tsarin bai sake ba. Abin da muke kira gas wani sinadari ne mai tafasa ba tare da wuta ba. Wanda ake kira R134a yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri, shi kuwa R600a a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri. Yana shiga bututun da ke jikin gidan ƙanƙara yana ruwa, sai ya tafasa da ɗan zafin da ke jikin nama da madara, ya zama tururi. Daga nan baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke ƙasa, wanda masu gyara ke kira kwamfiresa, ya zuƙe tururin ya matse shi matsi mai tsanani, har zafinsa ya zarce na ɗaki, sa'an nan ya tura shi cikin baƙar ragar da ke baya, wato kwandansa, inda zai saki zafinsa ga iska ya koma ruwa, ya bi ta wani siririn bututu mai karya ƙarfin matsin, ya sake faɗawa gidan ƙanƙara. Misalinsa kamar ɗan dako ne da yake ɗauko kaya daga cikin shago yana saukewa a waje: in aka hana shi wurin saukewa, ba shi da ikon komawa ya ɗauko wani.

To, a nan mas'alar take. Ƙa'ida ce tabbatacciya a wurin ma'abota ilimin kimiyya cewa zafi ba ya tafiya da kansa sai daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, saboda haka wajibi ne ragar ta fi iskar ɗaki zafi kafin ta iya sakin komai. Idan ɗakin yana digiri 25, aikin mai sauƙi ne. Amma idan shago ne mai rufin kwano ba sili, wanda zafinsa ya kai digiri 38, kuma aka manna firjin da bango, to sai ragar ta haura digiri 50 kafin gas ya koma ruwa, injin ya ƙara matsi, ya ƙara shan wuta, ya yini yana aiki ba hutu. Ƙari a kan haka, zafin da ragar take fitarwa ya fi wanda aka kwaso daga abinci yawa, domin lantarkin da injin ya sha shi ma zafi yake komawa. Sakamakon haka cikin firji ba ya sauka zuwa digiri 4 ko 5 da ake bukata domin hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, miya ta yi tsami, kuɗin wuta ya ƙaru, a ƙarshe wayar injin ta ƙone.

Akwai kuma wani sababi da masu saye ba su cika lura da shi ba. A jikin kowane firji akwai ɗan allo, a baya ko a ciki, mai ɗauke da haruffan da suke bayyana yanayin ƙasar da aka ƙera shi dominta. Wanda aka rubuta wa N ko SN iyakarsa ɗaki mai digiri 32, mai ST iyakarsa 38, mai T kuwa yana jure har 43. Da yawa daga firjin 'yan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai na rukunin farko ne, tun da don ƙasashen sanyi aka yi su, saboda haka ba zalunci suka yi ba in sun gaza a bazarar Zazzau. Wanda zai fitar da kuɗinsa ya nemi mai T ko ST.

Shi kuwa wanda ya riga ya mallaka, magani yana hannunsa, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo. Ya janye firjin daga bango gwargwadon faɗin tafin hannu, wato santimita 10 ko kusa da haka, ya bar sarari a sama, domin iska mai zafi sama take tashi, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Ba banza ba ne shahararren firjin da kamfanin General Electric ya fitar a 1927 aka ɗora masa inji da raga a kan kansa. Ya nisanta shi da murhu da risho da janareta da tagar da rana ke faɗowa. Sa'an nan ya tuna da hunturu. Wanda ya leƙa bayan firji a watan Fabrairu zai tarar da jar ƙura ta haɗu da yana da maiƙon girki ta zama kamar bargo a kan wayoyin ragar, har yatsa ya bar sawu a kanta. A zare filogi, a share da buroshi mai laushi ko busasshen tsumma, a farkon hunturu da ƙarshensa, kuma a yi a hankali kada bututu ya lanƙwashe.

Firjin zamani da manyan firiza na 'yan ƙanƙara sau da yawa ba a ganin ragarsu, domin an binne bututun a cikin bangon gefe, shi ya sa jikinsu yake ɗaukar zafi in an taɓa, kuma wannan alamar lafiya ce. Amma sai ka ga an lulluɓe irin wannan da leda ko zane don kada ya yi datti, ko an jera buhuna da katan a jikinsa, mai shi kuwa yana kuka da rashin sanyi. Masu gyara nagari sukan ce, "Hajiya, a cire masa rigar nan tukuna, in bai gyaru ba sai mu duba gas." Gaskiya ce suka faɗa, domin gas ba ya ƙarewa kamar kananzir, in ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ɗura sabo ba tare da toshe wurin ba asara ce.

A inda ɗaki ya ƙuntata, ƙaramar fanka da za ta riƙa hura ragar daga ƙasa zuwa sama tana da fa'ida babba, da sharaɗin ƙwararre ne zai haɗa ta. Amma a guji watsa wa ragar ruwa ko rataya mata jiƙaƙƙen tsumma, saboda tsatsa za ta huda bututun, ruwa kuma na iya kai wa ga wayoyin lantarki ya jawo halaka. A guji kankare ƙanƙara da wuƙa, musamman da yake tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sa aka bar tsohon gas R12 mai cutar da sararin samaniya, firji da yawa sun koma R600a, shi kuwa yana kama wuta. In an ɗauke wuta aka maido nan take, a dakata minti 5 kafin a kunna, domin matsin da ke cikin bututu ya daidaita.

Haƙiƙa dukiya amana ce, barin abinci ya lalace ko inji ya ƙone saboda sakacin da share ƙura zai kawar kuwa yana daga cikin almubazzarancin da shari'a ta yi hani a kansa. Muna roƙon masu gina shaguna a Sabon Gari da Samaru su riƙa barin tagar shan iska a sama da ƙasa, muna kuma fatan ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli su dubi wannan mas'ala da idon basira, su ƙera wa jama'a raga da fanka masu arha da suka dace da zafinmu da ƙurarmu. Allah Ya sa mu amfana da abin da muka sani.