Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa a Arewa Mai Nisa: Abin da Ya Kamata Mai Shirin Tafiya Ya Sani

A ƙauyukan gundumomin Magaria da Dungas, kamar Guci da maƙwabtanta, ci-rani tsohuwar al'ada ce. Da an kawar da amfanin gona, samari da magidanta kan ƙetara iyaka zuwa Ɓaɓura, Maigatari ko Kano domin neman abin da za su cike gibin rumbu. Sai dai tun daga shekarar 2014 wata hanya ta buɗe wadda ta nufi arewa, wato wuraren haƙar zinariya da ke cikin hamadar jihar Agadas. Wannan bayani zai nuna yadda harkar ta taso, da yadda ake gudanar da ita, da irin haɗarin da ke cikinta.

Ba Nijar kaɗai ba ce

Kutsawar masu neman ma'adinai cikin yankunan arewa da ba kowa ke iya zama ba, abu ne da ya faru a ƙasashe da dama. A ƙasar Rasha an gano lu'ulu'u a yankin Yakutiya, inda aka sami mahaƙar Mir a 1955, har gari guda ya tashi a gefenta. A arewacin Kanada an buɗe mahaƙar lu'ulu'u ta Ekati a 1998, sannan ta Diavik a 2003, dukansu kimanin kilomita 300 daga birnin Yellowknife. Manyan kaya sukan isa can ne ta kan tafkunan da suka daskare, kuma wannan hanya ta ƙanƙara wata biyu kacal take aiki a shekara. Su sanyi ne ya tsare musu arzikin, mu kuwa rana da ƙishirwa.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da ke fitar da lu'ulu'u. Abin da arewarmu ta fara shahara da shi shi ne yuraniyom: kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Waɗannan aiki ne na manyan kamfanoni, masu albashi da asibiti. Zinariyar hamada dabam take, domin talakawa ne suka gano ta, su ne kuma suke haƙa da hannunsu.

Yadda zinariyar Jado ta bayyana

Guguwar ta taso ne daga gabas. Ta fara a Sudan, ta shiga duwatsun Tibesti na ƙasar Cadi a 2013, sannan a watan Afirilu na 2014 aka ga zinariya a Jado, cikin gundumar Bilma. A wannan shekara ce kuma aka gano ta Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. Cikin ƴan watanni dubban mutane suka kwarara can daga sassan Nijar da Cadi da Sudan da Libiya.

Abu uku ne suka haɗu suka sa haka. Na farko na'urar gano ƙarfe wadda mutum guda zai iya ratayawa ya yi ta yawo da ita. Na biyu motocin da ke iya ratsa rairayi, tare da wayar tauraron ɗan Adam. Na uku kuwa farashi: oza ɗaya ta zinariya, wato kimanin giram 31, ta haura dalar Amurka 2,000 a 2020, ta kuma haura 4,000 a 2025.

Wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga ma'aikaci. A Jado zinariyar tana kusa da doron ƙasa, ƙwaya-ƙwaya, don haka sa'a kan yi aiki. Daga nan ne labaran wanda ya kwana talaka ya tashi da mota suka fito. A Cibarakaten tana cikin jijiyar dutse. Sai an haƙa rijiya mai zurfi, a fasa dutsen, a fito da shi cikin buhuna, a niƙa, a wanke. Wannan yana bukatar jari mai yawa, shi ya sa mafi yawan waɗanda ke zuwa daga kudu leburori ne a ramin wani. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, jama'a suka watsu zuwa duwatsun Azbin da sauran wurare.

Lissafin rami

Nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, kuma nan ne ba a cika yin magana ba. Tsarin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma galibi mai rami ne ke ba da abinci, ruwa, mai da kayan aiki. Idan an samu, sai ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba saura tsakaninsa da ma'aikata. Idan ba a samu ba, wata uku ko huɗu na wahala sun tafi a banza, wani lokaci ma har da bashin kuɗin mota a wuyan mutum. Ruwa kansa saye ake yi, domin daga nesa ake jigilarsa, kuma kowace jarka tana shiga lissafi.

To, wa ke riƙe da littafin? Mai rami. Wa ke karanta ma'auni ranar sayarwa? Mai saye. Ma'aikacin da bai iya karatu da ƙidaya ba, abin da aka faɗa masa shi zai karɓa. Ba muna cewa duk masu ramuka azzalumai ba ne; da yawansu su ma bashi suka ci. Amma yarjejeniyar baka a wurin da babu mai gari, babu liman, babu dangi, ba ta da ƙarfi. Ya kamata a rubuta ka'idar rabo tun kafin a sa diga a ƙasa, ko da boko ko da ajami, a gaban shaidu, kuma kowane rukuni ya sami mutum ɗaya nasa da zai riƙa rubuta abin da aka ci da abin da aka fitar kullum.

Haɗari ga lafiya da rai

Ruftawar rami ita ce aka fi sani. Ba sai an je hamada ba: a watan Nuwamba na 2021, a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, ramuka sun rufta da mutane, aƙalla 18 suka rasu. Akwai kuma rikici, kamar wanda ya ɓarke a Kuri Bugudi ta arewacin Cadi a watan Mayu na 2022, inda hukumomin ƙasar suka ce kimanin mutum 100 sun mutu.

Amma cutar da ke bin mutum gida a ɓoye ta fi wuyar ganewa. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu, ta sa shi ya yi tauri. Ba ta da magani, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Zaiba da ake kama zinariya da ita, idan aka ƙona ta, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo rawar hannu. Kada a ƙona ta a cikin ɗaki ko kusa da wurin girki. Haka kuma kada a kawo dutse gida don a daka. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka mutu sakamakon gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gidaje. Duk wanda ya dawo da tari da ya wuce mako biyu, ya je likita a gwada majinarsa kafin ya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da iyali.

Ma'adini yana ƙarewa

COMINAK ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan fiye da shekara 40, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Kamfanin da ke da Diavik, duk da girman jarinsa, ya sanya 2026 a matsayin shekarar daina haƙa. Ramin hannu bai kai ko kusa da wannan daɗewa ba. Saboda haka kuskure ne a sayar ko a jinginar da gona domin kuɗin tafiya, musamman a Magaria da Dungas inda jama'a suka yi yawa, gonaki suka ƙanƙance, wadda ta fita hannu kuma da wuya ta dawo.

Wanda ya ƙudura tafiya, ya tafi da katin shaidarsa, cikin rukunin mutanen da ya sani, ya bar wa iyali sunan wurin da na mai ramin, ya ware kuɗin komowa da ba zai taɓa ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kada a bar shi ya bi. A kuma tsayar da lokacin dawowa tun daga gida, yadda watan Yuni zai same shi a gona kafin ruwan shuka.