Yansun: Amfaninsa ga lafiya da inda ya kamata a yi hattara

A ƙasashen Masar da Siriya da Labanon, da wuya sanyi ya shigo ba a ga ana shan shayin yansun a gidaje ba. A arewacin Najeriya kuwa, an fi samunsa ne a shagunan magungunan Musulunci, tare da hulba da habbatus sauda.

Yansun dai 'ya'yan wani ɗan tsiro ne dangin karas, wanda asalinsa yankin gabashin tekun Bahar Rum ne. Ƙamshinsa da ɗan zaƙin da ake ji a baki suna fitowa ne daga wani sinadari mai suna anethole. Larabawa kan zuba shi a cikin ka'ak, Jamusawa da Italiyawa kuma a biskit da burodi.

Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na kumburin ciki da iska, da kuma tsinka majina a lokacin tarin mura. Sai dai ta dogara ne ga daɗewar da jama'a suka yi suna amfani da shi, ba ga wani babban gwaji a asibiti ba. Haka kuma ba ta ba da shawarar a bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 ko mata masu juna biyu da masu shayarwa ba, ko da yake a wasu ƙasashen Larabawa al'ada ce a dafa wa maijego.

Babban haɗarin shi ne rikita shi da wani iri mai siffar tauraro, wanda ake nomawa a China da Vietnam. Ƙamshinsu ɗaya, amma ba danginsu ɗaya ba. Daga mai tauraron ne aka riƙa samo sinadarin haɗa maganin Tamiflu, abin da ya sa wasu ke zaton shayin yansun na kashe ƙwayar cutar mura, alhali ba haka ba ne.

Akwai kuma nau'in mai tauraron na Japan da ke da guba, wanda akan samu ya gauraya da na China. A shekarar 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da shan shayin mai tauraron, bayan da wasu mutane, ciki har da jarirai, suka yi fama da amai da jijjiga.