Lahore a Idon Baƙon Amritsar: Al'ada Ɗaya, Ƙofa a Rufe

Tsakanin birnin Lahore na Pakistan da Amritsar na Indiya kilomita 50 ne ko kusa da haka, tafiyar sa'a guda a mota in da babu shinge. Amma shingen Wagah yana nan, kuma 'yan Punjab ɗin Indiya da suka samu biza suka tsallaka shi kusan bakinsu ɗaya idan sun dawo: sun je baƙunta sun tarar da gida. Harshen da suka baro shi ake ciniki da shi a kasuwar Anarkali. A layin abinci na Gawalmandi ana dama musu lassi, kindirmo mai kauri da sukari, a miƙo cikin dogon kofin ƙarfe, kamar yadda ake yi a bayan babban wurin ibadar Sikh na Amritsar. A 2004, lokacin da dubban Indiyawa suka je kallon wasan kurket, jaridu sun yi ta ba da labarin masu shaguna da direbobi da suka ƙi karɓar kuɗin baƙi. Wannan zumunci gaskiya ne. Kuskuren da masu irin wannan rubutu ke yawan yi shi ne ɗaukar cewa al'ada za ta iya riƙe kanta, har ta kawo sulhu, alhali hanya tana toshe.

Tushen zumuncin ya girmi ƙasashen biyu nesa ba kusa ba. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469 a garin da yau ake kira Nankana Sahib, ya rasu a Kartarpur a 1539, kuma duka garuruwan biyu suna cikin Pakistan. Baba Farid, shehin Sufaye da kabarinsa ke Pakpattan, baitocinsa na cikin littafi mai tsarki na mabiya Sikh. A Lahore, Masallacin Badshahi da Sarki Aurangzeb ya kammala a 1673 yana maƙwabtaka da hubbaren Ranjit Singh, sarkin Sikh da ya ci birnin a 1799 ya mai da shi fadarsa har rasuwarsa a 1839. Labarin soyayyar Heer da Ranjha, wanda Waris Shah ya waƙe a 1766, har gobe ana rera shi a ɓangarorin biyu. Mawaƙi Mohammed Rafi, wanda muryarsa ta cika finafinan Indiya, a wani ƙauye kusa da Amritsar aka haife shi, a Lahore ya tashi. Manmohan Singh, tsohon firaministan Indiya, a ƙauyen Gah na Pakistan aka yanke cibiyarsa, yayin da zuriyar Nawaz Sharif, tsohon firaministan Pakistan, ta taso daga Jati Umra kusa da Amritsar.

Mai suka zai ce wannan duk daɗin baki ne na baƙo da mai masauƙi. Zai tuna mana cewa waɗannan masu harshe ɗaya su ne suka yanka juna a 1947, bayan lauyan Ingila Cyril Radcliffe ya ja layin da ya tsaga lardin Punjab biyu. Dubban ɗaruruwan mutane sun mutu, miliyoyi suka yi hijira, Lahore ta rasa kusan dukan Hindu da Sikh ɗinta, Amritsar ta rasa kusan dukan Musulminta. Maganarsa tana da nauyi, kuma ta rushe zaton cewa harshe ɗaya kariya ne daga yaƙi. Amma ba ta rushe zumuncin ba. Rigimar 'yan gida ɗaya ta fi ta bare zafi, kuma zafinta bai mai da su bare ba. Abin da 1947 ta nuna shi ne siyasa na iya danne al'ada cikin makonni kaɗan, kuma abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A Fabrairun 1999 Firaminista Vajpayee na Indiya ya shiga Lahore a motar bas, aka rungumi juna. Kafin damina ta wuce ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi a Kargil. A Agustan 2019, saboda rikicin Kashmir, aka dakatar da bas ɗin Delhi zuwa Lahore, da jirgin ƙasan Samjhauta da ya fara aiki tun 1976, da cinikayya kai tsaye.

Akwai kuma wata ɓaraka da baƙon kwana uku ba ya gani, domin a kunne ba a jinta. Harshen Punjabi a Indiya da haruffan Gurmukhi ake rubuta shi, a Pakistan kuwa da haruffan Shahmukhi masu tushen Larabci. Lamarin ya yi kama da ɗan boko da almajiri, kowa yana jin Hausar ɗan'uwansa amma wasiƙar wani ba ta karantuwa ga wani. A Indiya, tun 1966 da aka sake shata jihar Punjab bisa harshe, Punjabi ne harshen gwamnati da makaranta. A Pakistan, duk da shi ne harshen uwa mafi yawan masu magana, Urdu da Turanci ne ke mulkin aji da ofis, har iyaye da yawa a Lahore sun gwammace su yi wa 'ya'yansu Urdu a gida. Kalmomin ilimi na gabas suna karkata ga Hindi da Sanskrit, na yamma ga Urdu da Farisanci. Tsofaffin da suka san unguwannin biranen biyu da ƙafafunsu suna ƙarewa, jikokinsu kuwa littattafan tarihi biyu masu karo da juna suka karanta.

Wani zai ce intanet ta riga ta ƙetare shingen. Waƙoƙin Nusrat Fateh Ali Khan suna tashi a Jalandhar, garin kakanninsa, matasan Lahore suna rawa da waƙoƙin Punjab ɗin Indiya a YouTube, mazauna Birmingham da Toronto daga ɓangarorin biyu suna cin abinci a shago ɗaya. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai waƙa ba ta maye gurbin ciniki, auratayya, karatu tare da zuwa jana'iza, waɗanda su ne suka gina al'adar tun farko. Matsalolin yankin ma ba a warware su da waƙa. Hayaƙin ƙona karan shinkafa da ke turnuƙe biranen biyu duk watan Nuwamba bai san biza ba, kogin Ravi da Sutlej su ma suna ratsa iyakar, kuma kowanne yana buƙatar hukumomi su zauna tebur ɗaya.

Hanyar Kartarpur da aka buɗe a Nuwamban 2019 ta nuna abin da zai yiwu: a tsakiyar zaman doya da manja, gwamnatocin biyu suka yarda masu ziyara daga Indiya su shiga 'yan kilomitoci cikin Pakistan ba tare da biza ba, su yi ibada su koma a ranar. Irin wannan ƙaramin mataki ake buƙata a faɗaɗa: sauƙaƙa biza ga tsofaffi, ɗalibai da marubuta, buga littattafai da haruffa biyu, da koyar da Punjabi sosai a makarantun Pakistan. Idan ba a yi ba, baƙon da zai tsallaka Wagah nan da shekara 30 zai tarar da abincin da ya sani, amma mutanen da zai yi hira mai zurfi da su za su ragu ƙwarai.