Uwargida, Kare Kabad Ɗinki Daga Ruwa

Yawancin kabad ɗin da ake jera wa amare yanzu ɓarɓashin katako ne aka matse da gam, aka manna masa takarda mai sheƙi. Da ruwan wanke ɗaki ya shiga gindinsa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa daidai. Nawa ko damina biyu bai kai ba.

To, ki nemi banish da buroshi. Kwantar da kabad ɗin, ki shafe gefunan da takarda ba ta rufe ba har sau 3, kina bari kowane shafi ya bushe. Saman takardar kuwa, sai kin fara goga samfefa mai laushi sama-sama, in ba haka ba banish ɗin ɓarewa zai yi. Ki buɗe taga, kada kuma ki yi aikin kusa da murhu.

Rigakafi dai ya fi magani.