Nakiya da Wainar Salla

In azumi ya kai kwana 25, ka bi ta unguwannin Yelwa da hantsi, za ka ji turame suna amsa wa juna. Mata ne ke shirin Salla. Waɗansu suna dakan nakiya, waɗansu suna tuyar alkaki. Waina kuwa ba a taɓa ta tukuna, sai jajibere. Me ya sa? Ga dalili.

Mu a ƙasar Yauri shinkafa ce abin tinƙahonmu. Tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968 kakanninmu ke noma ta a bakin Kwara, har yau kuwa muna noma ta, daga Shanga har Ngaski. Da ita ake nakiya, da ita ake waina. Amma nakiya ta kan yi watanni, waina kuwa kwana biyu ta yi yami. Bambancinsu ruwa ne.

Mai nakiya ta kan wanke shinkafa, ta shanya, ta bushe ƙayau. Sa'an nan ta soya ta sama-sama, ta niƙa da citta da kanumfari da masoro. Ta dafa zuma ko sukari har ya yi danƙo, ta haɗa da garin da man shanu a turmi. A yi ta kirɓawa sai ya kama jikinsa, kana a cura. To, ku duba, duk korar ruwa ake yi. Rana ta kora, wuta ta kora, ɗan abin da ya saura sukari ya riƙe shi. Ƙwayoyin nan masu ɓata abinci, waɗanda ido ba ya gani, ba su yaɗuwa inda babu laima. Shi ya sa nakiya ke shiga garar amarya. Alkaki ma haka, mai ya soye shi, zuma ta rufe shi.

Waina fa? Ƙullunta ruwa ne, tanda kuwa bayanta kaɗai take gasawa, cikin yana nan da laima. Daɗinta ke nan, shi ne kuma ajalinta.

Salla ta kan matso da kamar kwana 11 ko wace shekara, don haka wani zubin da damina take zuwa. Mu kuwa ga mu a bakin tafki, iska da laima. Kada a rufe nakiya da ɗuminta, gumi zai sauka a kanta ta yi hunhuna, a yi asarar shinkafa da mai. A bari ta huce sarai, a zuba a busasshen kwano mai murfi. Yaron da ya fito daga wanka a kogi, kada ya sa hannu a ciki sai ya bushe.