Dalilin cire masu HIV da ciwon hanta daga gwajin magani

Kafin a ɗauki mutum cikin gwajin sabon magani, akan auna jininsa. Idan aka samu HIV ko ciwon hanta nau'in B ko C, galibi akan sallame shi. Masu bincike suna da hujja: hanta ce ke sarrafa yawancin magunguna, kuma maganin ciwon daji mai raunana garkuwar jiki kan iya tayar da ƙwayar B da ta lafa.

Sai dai idan maganin ya shigo kasuwa, likita zai rubuta wa irin waɗannan majinyata cikin lalube. Shi ya sa a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta shawarci masu gwajin maganin ciwon daji su riƙa karɓar waɗanda aka shawo kan cutarsu.